Hannun da Ya Miƙa Almakashi

Talitsa, mako biyu bayan idin Mala'ika Mika'ilu

Zuwa ga Yayata Domna,

Gaisuwa mai yawa, da ƙauna, da kewa, daga ƙanwarki Fetinya. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar nan taki yanzu da sanyi ya sauka? Kin shafa kitsen agwagwar da na aiko miki, ko kin ɓoye shi a akwati kina jiran ranar da ta fi wannan, kamar yadda kike yi wa kowane abin kirki?

Mu kam lafiyarmu sai a hankali. Maigidana, Sarki Ostafi, yau kwanansa goma sha ɗaya a kwance. Farauta suka fita, aladen daji ya tsarge masa cinya da haure. Da aka shigo da shi dariya yake yi, wai shekara ashirin yana karawa da mayaƙan ƙabilar Tatar ba su ga jininsa ba, sai ga alade ya yi abin da suka kasa. Mu ma muka taya shi dariyar. Bayan kwana uku ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, zazzaɓi ya rufe shi, dariya ta ƙare a gidan nan.

Kin san yadda ya karɓi garin nan, toka da kututture, bayan Tatar sun ƙone shi. Shi ya bi mutane cikin daji gida-gida ya lallaso su suka dawo, ya tayar da ganuwar katako, ya haƙa rijiya a cikinta. Yanzu ma cikin zafin jiki ba ni yake kira ba, gadar da ya fara ginawa a kan kogi yake ta sambatu a kanta. 'Ya'yanmu maza biyu suna kwance a ƙarƙashin daɓen coci, shi kuma ba shi da ɗan'uwa. In ya faɗi, babban sarkin Mosko zai aiko da wakilinsa ya zauna a nan, kamar yadda aka yi wa maƙwabtanmu biyu: aka kwashe manyansu aka watsa su a ƙasashen da ba su sani ba, aka sauke ƙararrawar garinsu aka tafi da ita. Mikula, sarkin yaƙinmu, tsohon nan mai kunne ɗaya, ya tare a bakin ƙofa yana ta zagin aladu har kakanninsu.

Amma Yaya, ba gari ne ya hana ni cin abinci ba. Baba nake tunawa. Kakanninmu duka, da ajali ya matso, sai da aka yi musu askin zuhudu, suka ajiye sarauta da iyali da suna, suka tafi gaban Ubangiji da baƙar riga, a wanke. Baba kaɗai ya faɗo daga doki a hanya ya cika da takalman hawa a ƙafarsa. Kin tuna Inna, har ta bar duniya tana cewa, "Ya tafi da jinin yaƙi a hannunsa, ban sa an aske shi ba." Ostafi ya rataye mutane, ya ƙone ƙauyuka a yaƙi. Sarki ne, haka aikin yake. Shekaranjiya da ya ɗan farfaɗo na yi masa maganar. Ya ce, "Fetinya, bari in gama gada tukuna. Allah ba gaggawa yake yi ba, ke ce mai gaggawa."

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ki sa a yi masa addu'a a cocinku. Ki gaishe da maigida, ki shafa mini kan yara.

Taki,
Fetinya

Talitsa, kwana uku bayan Kirsimeti

Yayata Domna,

Barkanmu da idi. Allah ya maimaita mana, ya ƙara miki lafiya, ya raya zuri'a. Na sami takardarki da zumar da kika aiko, na gode. Albishirinki, Ostafi ya tashi. Kada ki yi guɗa tukuna, ki karanta zuwa ƙarshe.

Ranar da ya cika kwana goma sha huɗu, da hantsi, faratansa suka yi shuɗi. Mai magani ta kara gashin tsuntsu a hancinsa, da ƙyar ya motsa. Ta ce ba zai ga faɗuwar rana ba. Nan take na aika ƙetaren kogi a kira Uba Pahomi, shugaban gidan zuhudu. Mikula ya tare ƙofa da ƙirjinsa, ya ce, "Ranki ya daɗe, mutumin nan a gabana aka taɓa jawo shi daga ƙarƙashin ƙanƙarar kogi, da buɗe bakinsa giyar zuma ya nema. Ki ba shi kwana ɗaya." Na ce, "In ya cika cikin kwana ɗayan nan, kai za ka amsa masa a gaban Allah? Da wane kunnen za ka ji tambayar?" Ya dube ni, ya kauce. Kin san bakina, ya sha ja mini, amma bai taɓa ja mini kamar wannan ba.

Abin da zan rubuta yanzu ban faɗa wa kowa ba. Kin san ƙa'idar askin: sau uku shugaba zai ajiye almakashi a kan Linjila, sau uku mai shiga zai ɗauka da hannunsa ya miƙa, don a shaida ba tilasta shi aka yi ba. Ostafi bai san inda yake ba, balle ya ɗauki almakashi. Uba Pahomi ya tsufa, idonsa ba ya ganin komai sai inuwa, 'yan zuhudu biyun da suka rako shi kuma sun juya baya suna waƙa a gaban hotunan tsarkaka. Ni ce zaune a bakin gado, sanye da rigar nan mai dogon hannu. Na zura hannuna a ƙarƙashin nasa, hannun riga ya rufe, na damƙe yatsunsa a kan ƙarfen, na ɗaga. Sau uku na yi. Da Uba ya tambaye shi ko da son ransa ya zo, ya yi nishi, na ce, "Ya ce i, Uba."

Aka yanke masa gashi wuri huɗu, aka sa masa baƙar riga, aka raɗa masa suna Onisim. Aka ja shi a kan ƙanƙarar kogin da ya daskare zuwa gidan zuhudu don ya cika a can. Na raka su har gaɓa ina kuka, amma zuciyata a sanyaye, ina cewa na yi masa abin da Inna ba ta samu ta yi wa Baba ba.

Kwana uku bayan haka ciwon ya fashe, mugunya ta fita, zazzaɓi ya sauka. Ya buɗe ido ya nemi miyar kabeji. An ce ya daɗe yana kallon hannun rigarsa, sannan ya ce, "Wane ne ya mutu?"

Garin neman gira na rasa ido, Yaya. Wanda aka aske ya mutu a duniya ko da yana numfashi. Ba ya hawa gadon sarauta, ba ya riƙe takobi, ba shi da mata. Ni yanzu ba matar aure ba ce, ba kuma wadda mijinta ya rasu ba, har bayi ba su san yadda za su gaishe ni ba. Labari ya riga ya kai Mosko, an ce manzonsu yana hanya.

Ki rubuto mini ko da faɗa ne. Gaisuwa ga mutanen gida duka.

Ƙanwarki,
Fetinya

Talitsa, mako na huɗu na babban azumi

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da azumi, Allah ya ba da lada. Yaya jikin autarki, tarin ya sauka? Faɗan da na roƙa na same shi, har da ƙari. Na karɓa, kin yi gaskiya, sai dai wuri ɗaya: kin ce in rufe bakina. Takardarki ta makara.

Na je na ga Ostafi. Sau ɗaya aka yarda, da rana, a tsakar gidan zuhudu, Uba Pahomi yana zaune a gefe. Ya rame, yana dogara sanda, rigar ta yi masa gajarta. Na tafi da shirin ya zage ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya hau tambayata ko an rufe rumbunan hatsi da kyau, ko an kai wa matan da mazansu suka mutu a yaƙi itace. Na ce, "Ba ka da abin da za ka ce mini sai itace?" Ya ce, "Ina da shi, amma an ce yanzu ba ni da izinin faɗa." Ban san lokacin da na durƙusa a cikin dusar ƙanƙara ba. Da Uba ya fara gyangyaɗi na raɗa masa abin da na yi da almakashi. Ya ce, "Ni ban tuna komai ba sai zafi. Ki bar shi a nan, Fetinya, kada ya ƙetare kogin nan."

Zancen ya ƙetare. Da na dawo na tarar da manzon Mosko a zauren Sarki, yana auna bango da ido kamar mai sayen saniya, yana tambaya gidajen manya nawa ne a gari. Matar Mikula tana kuka a ɗakin girki, ta fara ɗaure kaya. Raina ya ɓaci, na kira Mikula na faɗa masa komai. Tsohon nan har tsalle ya yi. Ya ce, "Kai! Ashe aski bai kama ba! Ranki ya daɗe, wannan ɓarnar taki ita ce ɓarna mafi albarka da aka taɓa yi a garin nan." Ran nan ya tashi mahayi zuwa wurin bishof.

Amsa ta zo jiya. Bishof zai zo da kansa bayan Ista, a yi shari'a a babban coci, kowa ya sumbaci gicciye a kan maganarsa. In ya tabbata ba hannun Ostafi ne ya miƙa almakashi ba, aski ya warware, ya cire baƙar riga ya koma gadonsa. Amma matar da ta yaudari bagaden coci da hannunta za a kai ta gidan zuhudun mata na can arewa, inda rana ba ta daɗewa, ba ta fita, ba ta karɓar takarda, ba za a ba ta gurasar tsarki ba sai ranar mutuwarta. Shi kuma a ba shi izini ya auri wata, ko Allah ya ba gari magaji.

Na karanta sau biyu, na aika wa bishof cewa na yarda, zan yi shaida a kaina. Kada ki ɗauka jarunta ce. Ni na kwance wa garin nan zani a kasuwa, ni zan ɗaura masa. Mutanen da ya lallaso daga daji ba za a watsa su saboda ni ba. Maganar wata matar kuwa, ta dame ni, ƙarya ne in ce ba ta dame ni ba. Ina dai roƙon Allah ya sa ta kasance mai haƙuri ce, ba mai gaggawa ba.

Ostafi ya aiko mini da wani ɗan zuhudu da saƙo na baka, wai kada in yi. Na ce a gaya masa shekara goma sha tara ban ji maganarsa ba, ba yanzu da ya zama Uba zan fara ba.

Watakila wannan ce ta kusa da ƙarshe. Zan aiko miki da sarƙar Inna kafin a tafi da ni. Ki yafe mini abin da na yi miki tun muna yara, kin san da yawa.

Taki har abada,
Fetinya

Talitsa, mako guda bayan Ista

Yaya Domna,

Almasihu ya tashi. Ina gaishe ki da idi, ina gaishe da maigida da yara, Allah ya sa kun yi shi cikin lafiya. Ga ni ina rubuto miki daga ɗakina, ba a kai ni ko'ina ba. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Ranar Talata aka yi shari'ar. Coci ya cika har waje, maƙera da masunta da matan kasuwa, kowa da rigar idi, don Mikula ya baza a gari cewa Sarki zai dawo. Wasu ma sun zo da gurasa da gishiri na tarye. Ni na sa baƙaƙen kaya, na riga na raba tufafina. Aka ajiye babban gicciye a tsakiya. Ina jira a kira ni, sai bishof ya ce ƙa'ida ita ce mai alkawarin zuhudu za a fara tambaya. Wannan ban san da shi ba. Ostafi kuwa ya sani.

Ya taho yana ɗingishi, bai dubi inda nake ba. Bishof ya ce, "Ɗana Onisim, hannun wa ya miƙa almakashi?" Ya ce, "Nawa." Bishof ya ce, "Wadda take matarka a da ta ce ba ka cikin hayyacinka." Ya ce, "Baƙin ciki ne ya ruɗa ta, ranka ya daɗe. Kwana goma sha huɗu ba ta runtsa ba. Ni na ɗauka, ni na miƙa, sau uku. Har sanyin ƙarfen ina tunawa." Ya ajiye sanda, ya sunkuya, ya sumbaci gicciye.

Yaya, mutumin nan ya taɓa barin ƙauyuka uku suka tafi hannun maƙwabci saboda kawai ya sumbaci gicciye ya rantse zai ba da su tun yana saurayi. Yakan ce wanda ya sumbace shi a kan ƙarya, leɓensa ne zai fara shaida a kansa ranar hisabi. Ina tsaye ina kallo ya yi.

Na yi ihu na ce ƙarya ne. Bishof ya juyo ya ce, "'Yata, ki auna maganarki. In kin tsaya a kanta, to kina cewa ɗan zuhudu ya rantse da gicciye a kan ƙarya a cikin ɗakin Allah. Hukuncinsa a fitar da shi daga coci, a sa masa sarƙa a ramin da ke ƙarƙashin gidan zuhudu. Gadon sarauta kuma ba ya karɓar mai rantsuwar ƙarya. Me kika ce?" Ko ta ina na juya Ostafi ya riga ya rufe ƙofa. In na nace, gari ya tafi, shi ma ya tafi. Na buɗe bakin nan nawa da bai taɓa rasa magana ba, na ce, "Baƙin ciki ne ya ruɗa ni."

Mikula ya kwance ɗamarar takobinsa ya jefar a gaban Ostafi, ya ce, "Shekara ashirin ina binka. Ka sayar da mu saboda mace ɗaya." Ban ga laifin Mikula ba. Mutane suka watse shiru, wata tsohuwa ta ajiye gurasarta a bakin ƙofa ta tafi. Jiya aka sauke ƙararrawa. An ba Mikula da gidaje goma sha biyu wata guda su tashi. In na wuce ta kasuwa mata sukan juya mini baya, ni ma da ni ce su haka zan yi. An bar mini ƙauye ɗaya in zauna, can zan koma in hanya ta bushe.

Na tare Ostafi a ƙofar coci ran nan, kafin 'yan zuhudu su tafi da shi. Na ce, "Me ka yi? Na aske ka don ka tafi a wanke, ka je ka ɗauko abin da ya fi duk wanda na wanke nauyi! Gari fa? Mutanenka fa?" Ya ce, "Gari na yi masa laifi, na sani, zan ɗauka. Amma gari ko wa ya hau zai ci gurasa. Can arewa ba za ki yi sanyi biyu ba, ke da ko a ɗakin murhu sai kin saka safa uku." Na ce, "Ranka nake magana, ba safa ba." Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ai kin samo mini aikin da ba a yin komai a cikinsa sai neman gafara daga safe har yamma. Da ma ina tunanin me zan yi da tsawon lokacin nan. Yanzu na samu."

Na so in faɗa ƙirjinsa, na so in mare shi, duka a lokaci ɗaya. Ban taɓa sanin yana sona har haka ba, sai ranar da babu abin da zan yi da sanin. Mutane suna kallo, bishof yana saukowa daga matakala. Ya ɗaga hannu ya sa mini albarka. Na sunkuya na sumbaci hannunsa kamar yadda kowace mace a garin nan take yi wa ɗan zuhudu, na ce, "Na gode, Uba."

Ki riƙa sa shi a addu'a, da sabon sunan. Ni in na zo wurin sunan harshena ba ya juyawa.

Ƙanwarki,
Fetinya